Malam Ƙanƙara da musayar ɗan cikinsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habibu, wanda matasan unguwarmu Kwaciri, a Fagge, na wancan lokaci suka fi sani da Malam Ƙanƙara. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin da ya sa bana na ɗauki alƙalami ɗan ƙaramin abu ne. Ina zaune a ofishin malamai ina jiran a kaɗa ƙararrawa, sai wayata ta turo min labarin wasanni daga Kanada. Wani kulob na hokin ƙanƙara ya rabu da gwarzon ɗan wasansa, ya miƙa shi ga wani kulob ya karɓi matasa a madadinsa, saboda albashinsa ya fi ƙarfin iyakar da aka gindaya wa kowane kulob. Irin wannan labari yakan fito duk ƙarshen kakar wasa, kuma a duk faɗin Fagge ba na jin akwai mace ta biyu da wayarta ke kawo mata shi. Na karanta, na ajiye wayar, sai na ji kamar in tashi in tafi gida in ba Baba labari.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙarti ne ke sa takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, suna korar wani baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa har su jefa shi a raga. Baba ya san shi ne lokacin da gwamnati ta tura shi Kanada kwas ɗin koyar da sana'a, kafin a haife ni. Ya dawo da wata rigar sanyi mai kauri wadda bai sake sawa ba, da kuma son wannan wasa wanda bai taɓa barinsa ba. Mutum a Kano, ana zafin da ko kare ba ya son fita, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida yana kwatanta wa yara yadda ake juyawa a kan ƙanƙara. Daga nan sunan ya samo asali. Bai taɓa jin haushinsa ba.

Da yake babu ƙanƙara a Kano sai ta masu sayar da ruwan sanyi, ƙwallon ƙafa ya riƙe. Da safe yana koyarwa a sakandare, da la'asar kuma yana horar da kulob ɗin unguwarmu. Babban abokin hamayyarsa a fili, kuma amininsa a waje, shi ne Oga Uche, mai shagon kayan wuta a Sabon Gari, wanda a Kano aka haife shi, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa fiye da wasunmu. Shi ma yana da kulob. Yana kuma da tauraron ɗan'adam tun kafin ya zama na kowa, don haka shi ke naɗo wa Baba wasannin hoki a kaset. Ran Asabar da hantsi Baba yakan ja hannuna mu tafi shagon, su zauna a bayan kanta suna kallo suna musu, ni kuma a ba ni lemo. Oga Uche bai taɓa yarda wasa ne ba. Yakan ce, "Malam, wannan ai dambe ne aka sa masa takalmi."

A shekarun nan gasar unguwanni tana fama da wata cuta. Sai wani mai hali, ko ɗan siyasa da ya ga zaɓe ya matso, ya ɗauki kulob guda, ya buɗe aljihu, ya kwashe duk yaran da suka iya taka leda daga Rijiyar Lemo har Sabon Gari. Kulob ɗin nan ya yi ta cin kowa kaka ɗaya ko biyu, 'yan kallo su gaji su daina zuwa, sauran kulob su watse. Daga baya mai kuɗin ya juya wani wajen, yaran su wayi gari babu alawus babu kulob. Baba ya ga haka ya faru ba sau ɗaya ba, kuma abin yana ci masa rai.

Ana cikin haka sai can ƙasashen ƙanƙara masu kulob da 'yan wasa suka yi rigimar albashi mai tsanani, har aka rufe kakar wasa guda sukutum ba a buga ba. Da aka sasanta, sai aka sa iyaka: ga adadin da kowane kulob zai iya kashewa a kan 'yan wasansa gaba ɗaya, komai arzikin mai shi ba zai haura ba. Baba ya bi labarin nan kamar rigimar gadon gidansu. Yakan je shagon intanet ya karanto, ya dawo ya yi wa Inna bayani tana tankaɗe, ita kuwa tana cewa "to" ba tare da ta ɗago ba. Abin da ya burge shi, ya ce, yanzu ba mai kuɗi ne zai ci ba, mai tunani ne. Idan ka zuba rabin abin da aka yarje maka a kan mutum ɗaya, to sauran za ka cika su da wa?

Wannan tunani ya kai wa masu kulob na yankinmu. An yi taron a wani aji na makarantarsu. Ni ban je ba, amma Oga Uche ya sha ba mu labari. Ya ce da Baba ya gama bayani sai wani ya ce, "Malam, nan Kano ce fa, ba Kanada ba," aka kwashe da dariya. Oga Uche ne ya miƙe ya ce shi ya yarda, kuma duk wanda yake ganin ba zai iya cin kofi sai da kuɗi ba ya faɗa a gaban kowa. Kunya ta hana kowa faɗa. Aka tsayar da iyakar alawus na wata, aka yi alkawari baki da baki, Musulmi da Kirista, kowa ya sa Ubangijinsa a tsakani.

Abin ya yi aiki, wannan zan iya shaida. Filin ya sake cika. Kulob ɗin da ba shi da ko motar haya yakan doke na masu hali, kuma ba wanda ke iya faɗin wanda zai ɗauki kofi tun kafin a fara. Baba ya yi ta tafiya a unguwa kamar wanda aka yi wa naɗi.

Sai ƙanena Kabiru ya tashi.

Kabiru ɗan gaba ne, kuma ba don ƙanena ba ne, ban ga kamarsa a filayen nan ba. Siriri ne, ba shi da hayaniya, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa ta hagu sai ka ga 'yan baya sun fara kallon juna. Cikin kaka biyu ya zama shi ake zuwa kallo. Duk wanda ya san wasa ya san alawus ɗin da ake ba shi bai kai ƙimarsa ba, ga shi ya fara maganar aure. Amma kulob ɗinmu ya riga ya kai iyaka. Don a ƙara wa Kabiru, sai an sallami mutum uku, cikinsu har da gola, Sule, wanda da wannan ɗan alawus yake riƙe da mahaifiyarsa.

Alhajin da ke ɗaukar nauyin kulob ɗinmu, mutumin kirki ne kuma ba zan ambaci sunansa ba, ya zo gida da mafita. Ya ce a bar alawus ɗin yadda yake a idon jama'a, shi zai saya wa Kabiru babur a matsayin kyauta, kuma duk wata zai riƙa aiko masa da wani abu ta hannun direbansa. "Ai kyauta ba alawus ba ce, Malam," in ji shi. Ina ɗaki ina jin su. Na zaci Baba zai amince. Can sai na ji ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ni na tara mutanen nan na sa su rantse. In na fara, da wane ido zan kalli wanda ya biyo baya?"

A daidai lokacin 'yan wasan Oga Uche biyu manya sun yi ritaya, don haka yana da sarari a ƙarƙashin iyakar. Baba ya tafi Sabon Gari ya same shi. Suka daidaita: Kabiru zai koma can da alawus ɗin da ya dace da shi, Oga Uche kuma zai ba mu 'yan baya biyu matasa, Ifeanyi da Lawan, waɗanda su biyun a haɗe ba su kai tsadar Kabiru ba.

Bayan sallar la'asar Baba ya gaya wa Kabiru, a tsakar gida, muna nan duka. Kabiru yana ɗaure takalmin atisaye. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa na kan igiyar takalmin, sannan ya ce, "Baba, sayar da ni ka yi?"

"Ban karɓi ko sisi ba," in ji Baba. "A can za a ba ka haƙƙinka da rana tsaka. A nan sai dai a ba ka a ɓoye."

"Ai da ka tambaye ni."

Kabiru ya ƙarasa ɗaure takalminsa ya fita, amma ba filinmu ya nufa ba.

Inna ce ta fi kowa ɗaukar zafi. Ba ruwanta da ƙwallo, ba ta ma san gola da ɗan gaba ba. Abin da ta sani shi ne garin nan ya sha ganin tashin hankali, kuma duk lokacin da ya tashi, hanyar da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari ce ke zama abin tsoro ga kowane ɓangare. Yanzu ga ɗanta zai riƙa tsallakawa kullum da yamma. Ta ce wa Baba, "Ɗan cikinka, Malam? Saboda wasan Turawan da ko a mafarki ban taɓa gani ba?" A waje kuma surutu ya yi yawa. Wasu suka ce ya miƙa ɗansa ga baƙi, wasu suka ce kishin yaron yake yi. Akwai dattijon da ya daina amsa masa sallama a masallaci na wani lokaci.

Da Oga Uche ya ji halin da ake ciki, sai ya zo gidanmu da kansa, shi da matarsa. Ya tsaya a soro, matar ta shiga, aka yi masa iso ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Inna. Ya ce, "Hajiya, yaron nan in ya tsallako titi, ɗana ne. Abin da zai same shi sai ya fara ta kaina." Inna ba ta ce ta yarda ba, amma ta sa an zuba musu fura, kuma da za su tafi ta ba matar daddawa da kuka. Daga baya an yi wata rana da gari ya rikice ana tsakiyar atisaye. Kabiru ya kwana biyu a gidan Oga Uche, a ɗakin 'ya'yansa, har ƙura ta lafa, Oga Uche ya kawo shi har ƙofar gida a motarsa. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara cewa komai a kan Sabon Gari ba, ko da yake ba ta fasa cewa Baba ya yi mata ba daidai ba.

Da ina rubuta tatsuniya ne, da nan zan ce kulob ɗinmu ya ɗauki kofi da 'yan bayan nan biyu, kowa ya gane hikimar Malam. Ba haka aka yi ba. Karon farko da muka haɗu da kulob ɗin Oga Uche, Kabiru ya zura mana ƙwallo, muka sha kashi, 'yan Kwaciri suka yi wa Baba ihu. Kabiru bai yi murna ba, ya dai sunkuyar da kai ya koma tsakiyar fili, Baba kuma yana tsaye a bakin layi ya harɗe hannu, ba ka iya karanta komai a fuskarsa. Alhaji ya ji haushin an ƙi kyautarsa an kuma rasa tauraron, ya janye hannunsa a ƙarshen kaka. Lawan ya bar ƙwallo ya koma kasuwa. Ifeanyi ne kaɗai ya zauna, ya zama kyaftin, shi da Sule suka riƙe kulob ɗin a shekarun da ko kuɗin ruwa sai an yi karo-karo. Baba bai ƙara ɗaga kofi ba har ya bar duniya.

A gida kuwa babu faɗa, kuma da an yi faɗan da ya fi sauƙi. Kabiru yana gaida Baba safe da yamma, yana yi masa aike, yana kai shi asibiti. Amma maganar ƙwallo ta mutu a tsakaninsu, mutum biyu da a da sai Inna ta kore su daga kan tabarma saboda musu. Ni ce na koma abokiyar kallon Baba, kuma a nan na koyi duk abin da na sani game da hokin ƙanƙara.

A nan ma na gano wani abu da ya dame ni. A can ƙasashen ƙanƙara, manyan 'yan wasa sukan sa sharaɗi a yarjejeniyarsu cewa ba za a yi musayarsu ba sai da yardarsu. Baba ya san wannan sarai, har yakan yaba, ya ce ɗan wasa ba buhun gero ba ne. Wata rana muna zaune na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, to me ya sa shi Kabiru ba ka nemi yardarsa ba?" Ya mai da idonsa kan talabijin, wadda ba komai a cikinta sai talla. Sannan ya ce, "Da na tambaye shi, cewa zai yi ya haƙura da ƙarin, zai zauna a haka saboda ni. Ni kuma na san kaina. Karɓa zan yi."

Na yi shekaru ina juya wannan amsa. Wani lokaci ina ganin ita ce magana mafi tausayi da na taɓa ji daga bakin uba. Wani lokaci kuma ina ganin wayo ne irin na iyaye, su yanke maka hukunci sannan su ce don kai suka yi. Har yau ban tsaya a guri ɗaya ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya Kabiru yana gyara masa matashi, sai Baba ya ce, ba tare da wata shimfiɗa ba, "Ƙwallon nan da ka ci mu, satar gida ka yi." Kabiru ya tsaya cak. Ya ce, "Wallahi Baba ban yi ba, Ifeanyi ne ya makara bai fito ba." Baba ya ce alƙalin wasan ne dai bai gani ba. Suka kama musu, murya na tashi, har Inna ta leƙo ta ga abin da ke faruwa, ta koma madafa tana share ido da bakin mayafi. Ba wanda ya nemi gafarar wani a cikinsu. Musun nan shi ne sulhun, kuma sun yi ta yinsa a duk kwanakin da suka rage masa.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Iyakar da ya kafa ba ta daɗe a bayansa ba. Tun yana raye wasu sun fara zagaye ta, wannan ya biya wa ɗan wasa kuɗin haya, wancan ya ɗauki ƙanen ɗan wasa aikin da babu shi. Bayan rasuwarsa ba a ma sake ambatonta ba. Yanzu yaran unguwa ba kofin unguwa ne a gabansu ba. Kowa jira yake wani dillali ya zo ya ce zai kai shi gwaji Turai, iyaye su sayar da fili, yaro ya tafi ya maƙale a wata ƙasa. 'Yan kallo kuma sun koma gidajen kallo, ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan cacar da ke cikin waya. Ina jin wannan zai ba shi baƙin ciki fiye da mutuwar dokarsa.

Can ƙasashen ƙanƙara ma, da yake ina bibiya, ba waliyyai ba ne. Sun daɗe da gano ƙofofin baya. Akwai kulob da zai ajiye ɗan wasa a sahun masu jinya don albashinsa ya fita daga lissafi, sai an zo wasannin ƙarshe ka gan shi ya warke sarai. Akwai masu musayar yarjejeniyar mutumin da ya riga ya daina wasa, don kawai takarda ta daidaita. Hukumar wasan ta toshe nan, su ɓullo ta can. Na tabbata da Baba ya ga wannan dariya zai yi, ya ce ashe su ma suna da Alhajinsu. Amma ba na jin zai ce dokar banza ce. Yakan ce mutane ba sa wahalar zagaye abin da ba shi da ƙarfi.

Kabiru bai je Turai ba. Gwiwa ce ta tsayar da shi yana ganiyarsa. Oga Uche ya ja shi shago ya koya masa harkar kayan wuta, yau yana da nasa shagon a Titin Ibrahim Taiwo, da mata da 'ya'ya huɗu. Oga Uche ya tsufa, ido ya yi rauni, amma duk shekara in za mu yi wa Baba addu'a sai ya sa an kawo shi, ya zauna a kan benci a waje har a shafa.

Da zan rubuta wannan, na je shagon Kabiru don in nemi izininsa, tunda labarin nasa ne kafin ya zama nawa. Na tambaye shi ko yanzu yana ganin Baba ya yi daidai. Ya gama sallamar mai sayen wayar wuta, ya dawo ya zauna, ya ce, "Yaya, ni har gobe da na so ya tambaye ni. Amma ki rubuta cewa ni da nake da 'ya'ya yanzu, na gwada sa kaina a matsayinsa, ba zan iya ba. Babur ɗin zan karɓa."

Na rubuta kamar yadda ya ce. Baba bai bar kofi ba, bai bar doka ba, kuma ban isa in ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Abin da ya bari shi ne 'yan mutane a tsakanin Fagge da Sabon Gari, yawancinsu yanzu da furfura, waɗanda suka taɓa gani da idonsu an yi alkawari, alkawarin ya zo ya nemi abu mafi tsada a gidan wanda ya kawo shi, kuma ya bayar. Allah ya jiƙan Malam Habibu, ya yafe masa inda ya yi kuskure, mu kuma ya ba mu ko da rabin ƙarfin zuciyarsa ranar da tamu maganar za ta zo karɓar bashinta.